Kujerar da Aka Ajiye wa Yaya

A layinsu babu mai kiranta da sunan yanka. Mai Falo ake ce mata, har yaran da aka haifa jiya, kuma ba ta jin haushin sunan, don falon gaskiya ne. Yana nan hannun dama da ka shiga gidan, a kulle, makullin kuma a ɗaure a haɓar zanenta. Wanda ya yi sa'a ya zo ranar da take share ɗakin zai leƙa ya ga kujeru ruwan zuma cikin leda, jan kafet mai zanen ganye, hoton wani tafki a bango, da labule har ƙasa. Leƙen ne kawai rabonsa, ƙafa ba ta wuce dokin ƙofa.

Abin ya samo asali tun tana amarya. Direban motar ɗaukar kaya ta aura, mutum mai yawan dariya da ƙarancin abin hannu, suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya. Yayanta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ma'aikacin ofis ne mai takalmi mai sheƙi. Bai hana auren ba, bai kuma so shi ba. Sau ɗaya ya zo ganin ɗakin. Direba ya yi maza ya jawo bencin da suke da shi, ya goge da hannun rigarsa.

"Bismillah, Yaya, zauna."

Yaya ya dubi bencin, ya dubi farin wandonsa.

"Bar shi kawai, tsayuwar ma ta isa. Ranar da kuka yi kujera sai in dawo in zauna."

Da murmushi ya faɗa, ya yi musu fatan alheri, ya shiga motarsa. Direba ya ƙyalƙyale da dariya, ya zauna kan bencinsa ya ce ai gara da aka yi haka, da ma ƙafa ɗaya rawa take yi, da Yaya ya faɗi da sun shiga uku. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Shi aka wulaƙanta, amma ita maganar ta tsaya wa a rai. A ranar ta ci alwashin sai Yaya ya zauna a kujerar gidan mijinta, ya kuma dubi mijin nan da idon mutunci.

Bayan ta yaye ɗanta na biyu ta sami aikin shara da goge-goge a wani babban shagon kayan ɗaki. Nan ne ta yi karatun da ba ta yi a makaranta ba. Mai shagon mace ce mai kaifin baki, wadda ba ta sayar wa mutum kujera sai ta haɗa masa da wa'azi. Mai Falo tana durƙushe tana goge ƙafar tebur, kunnenta yana wurinsu.

"Kafet ba tabarma ba ne da za ki shimfiɗa a tsakiya ki bar shi shi kaɗai," in ji mai shagon. "Ƙafafun gaba na kujeru su hau kansa, shi ke haɗa ɗaki."

Wata rana kuma ka ji tana faɗa wa wani: "Haba ranka ya daɗe, hoto ai ba a rataye shi can kusa da silin kamar ana ɓoye wa yara magani. Daidai idon wanda ke zaune za ka sa shi."

Labule ya taɓa ƙasa, kada ya tsaya a ƙwauri kamar wandon da ya yi wa yaro kaɗan. Ƙaramin kicin farin tayil yake so, mai duhu ƙunci yake ƙara masa. Kada a tara kaya masu zane a wuri ɗaya, in kafet ya yi surutu to kujera ta yi shiru. Duk ta haddace, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Sai dai ɗakunan da ta koyi abin a cikinsu ɗakunan shago ne, waɗanda aka jera don kallo. Babu mai kwana a cikinsu, babu yaron da ke zubar da shayi, kujerun suna cikin ledarsu, in mai saye ya kai ɗuwawu sai an yi masa gyaran murya. Ita a wurinta haka kyakkyawan ɗaki yake. Abu ɗaya ne ba ta taɓa jin mai shagon ta faɗa ba, don babu wanda ya taɓa tambaya, wato yaushe ake cire ledar.

Shekaru suka tura, Direba ya yi ta cin hanya, suka samu suka gina ɗan gidansu. Ɗakin da ya fi kowanne girma, mai tagogi biyu suna kallon juna, shi ta ware. Yaran uku suka cushe a ƙuryar baya, cin abinci da hira da karatun makaranta duk a baranda. Direba bai yi musu ba. Ya sayi farar kujerar roba ya dasa ta bakin baranda, ya ce shi nan ne ofishinsa.

Kayan falo ɗaya bayan ɗaya suka shigo. Ƙananan kujeru biyu suka fara zuwa, suka yi shekara suna kallon bango kafin babbar, mai zaman mutum uku, ta iso. Direba da kansa ya ɗauko ta a motarsa, ya tafi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, shi da maƙwabci suka shigar da ita. Da aka ajiye ya share gumi ya juya zai zube a kanta.

"Kai, kai, kai! Da wannan rigar?"

"To bari in canza."

"Ko ka canza. Ta Yaya ce. Shi zai fara zama, kana gefensa, ya gani da idonsa."

"To Allah Ya kawo Yaya," in ji shi, ya fita yana dariya.

Ranar rataye hoto ita ce ranar da ya fi kusa da zama a kanta. Hoton tafki ne da wani ɗan kwale-kwale babu kowa a ciki, mai shagon ta rage mata kuɗinsa saboda firem ɗin ya ɗan ƙwarzane a baya. Dokar mai shagon ta ce daidai idon wanda ke zaune, kuma tsawon Direba ɗaya da na Yaya. Sai ta sa shi ya cire takalmi ya shigo, ya juya wa babbar kujera baya, ya rage tsawo kamar zai zauna.

"Ƙara ƙasa. Kar ka taɓa! To tsaya a nan. Ina kake gani?"

"Mutuwata nake gani, cinyata za ta tsage."

"Ka yi maganar kirki mana."

Ya miƙa yatsa ya nuna bango, Auta, ƙaramar 'yarsu, ta ɗiga alama da fensir. Nan aka buga ƙusa. Ya daɗe yana ba abokansa labarin, yana cewa shi kaɗai ne a duniya ya taɓa zama kan iska a cikin gidansa.

Tayil ɗin kicin ma sai da ya zama abin labari. Abin da ta iya saya ba zai rufe bango duka ba, sai ta buɗe ƙofar falo da ta kicin, ta tsuguna gaban babbar kujera ta hanga. Duk inda ido ya kai daga nan, ta ce a sa masa farin tayil. Inda bai kai ba, wato bayan murhu da wurin wanke-wanke, inda maiƙo da ruwa suke aikinsu, aka bar shi da siminti. Mai sa tayil ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi wa bango rabin riga ba. Ta ce aikinsa aka kira shi ya yi, ba shawara ba.

Shawara kuwa ita ke bayarwa, kuma a faɗi gaskiya ta iya. Duk wadda ta yi sabon kaya a layin sai ta aiko a kira Mai Falo. Za ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ce a jawo wancan, a sauke wannan, a fitar da furannin roban nan gaba ɗaya. Kafin ka ce me, ɗakin da yake kamar rumfar gwanjo ya zama wurin da mutum zai so ya miƙe ƙafa. Ba ta karɓar ko sisi. Matan su gode mata, su zauna su baje a ɗakunan da ta gyara musu, 'ya'yansu suna tsalle kan kushin, in ta juya baya su yi ta dariyar nata ɗakin da ko ƙuda sai ya nemi izini. Tana sane, ko a jikinta.

Yaya fa? Da farko ita ce ta riƙa ɗaga gayyatar. Bari labule ya zo, bari a sami teburin tsakiya. Da komai ya kammala ta je har gidansa, ta zauna a bakin kujerarsa kamar baƙuwa, ta ce tana so ya zo ya sa wa gidan albarka. Ya ce in sha Allahu. Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa, ya dawo, ya yi ritaya, in sha Allahun tana nan inda take. In sun haɗu a sabgar dangi yakan tambayi lafiyar yara, ya ce a gaida direba, kamar mutumin ba shi da wani suna. Duk lokacin da aka ce yana gari sai ta buɗe falo ta share, ta goge ledar da tsumma mai ɗanshi, ta rufe tagogi kada rana ta cinye launin kafet, ta kulle.

Manyan yaran biyu suka girma suka bar gida ba su taɓa kawo aboki ba, don ina za su ajiye shi? Auta ce ta rage, ita kuma bakinta bai da linzami.

"Mama, wai in Kawu ya riga mu mutuwa, wa zai gaji kujerar?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Direba ya tsufa a kujerar robarsa. Ƙafarta ɗaya ta tsage, ya ɗinke da waya, rana ta mayar da farinta ruwan toka, hannunta ya yi santsi saboda shafa. Yakan ce shi da kujerarsa sun san halin juna. Sannan ciwo ya zo. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa gardama, in ya kwanta a miƙe sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Likita ya ce zuciya ce, ya riƙa kishingiɗa maimakon kwanciya, ya kuma nemi wuri mai iska. Kada a zalunce ta, ta yi jinya iyakar jinya. Ta bar aikin shago, ita ke yi masa wanka, ita ke matsa masa ƙafa, in ya yi tari ita ke fara jin zafin.

Wata rana da azahar, ana zafi kamar gari zai kama da wuta, yana zaune a baranda gumi yana bin wuyansa, ya dubi ƙofar falo ya daɗe.

"Uwar yara."

"Na'am."

"Da za ki buɗe min tagogin can biyu, in ɗan jingina da hannun babbar kujera. Tun muna gini na lura, iska ta nan take bi."

Bai taɓa roƙo ba sai ranar. Hannunta har ya kai haɓar zane, ta ji makullin. Sai ta dubi ƙafafunsa da ke tsatstsafar da ruwa, da man zafin da ta shafa masa a baya, ta tuna an ce Yaya ya ji labarin ciwon, zai zo dubiya cikin satin nan. Shekara da shekaru tana tsaron ɗakin nan, a ce saura kwana kaɗan ya ɓaci?

"Ka yi haƙuri, Baban yara. Yaya na nan tafe dubiya. Ranar tare za ku zauna, kai da shi. Bari in ƙaro maka matashi."

"To," in ji shi. Har da ɗan murmushinsa. "Allah Ya kawo Yaya."

Ta kawo matasai biyu ta cusa masa a baya, ta zauna tana yi masa fifita har hannunta ya gaji. Auta, da ta ji komai daga kicin, ta fito idonta jawur.

"Mama, ki ji tsoron Allah. Kujera ce fa. Katako ne da soso."

"Don shi nake yi. Ke ba ki san abin da aka yi masa ba."

"Shi ya ce miki an yi masa wani abu?"

"Ku bari," in ji Direba. "Nan ma da iska."

Babu wata iska. Yaya bai zo dubiya a satin ba, bai zo a na bayansa ba. Direba bai sake tambaya ba, a kujerar robar nan ya cika, wata safiya, tana kicin tana dafa masa ruwan zafi.

Ta'aziyya ce ta kawo Yaya. Ya aiko cewa zai zo bayan mutane sun ragu, don ba ya son hayaniya. Da safiyar ranar Mai Falo ta kwance makulli, ta kira Auta ta taya ta cire leda. Auta ta zo suka kama aikin. Ledar ta manne da yadin, sai da suka riƙa ɓamɓarowa a hankali, wani wari na abin da ya daɗe a rufe ya tashi. Amma launin yana nan, ruwan zuma, sabo fil kamar ranar da aka sauke ta daga mota. Ta daidaita ƙafafun gaba a kan kafet, ta goge hoton tafki, ta buɗe ƙofar kicin daidai yadda farin tayil zai fito. Cikin baƙin cikinta akwai wani ɗan abu da ke motsi, wanda ita kanta ta ji kunyarsa. Ko ba komai, yau za a biya wa mamacin bashin wulaƙancinsa.

Yaya ya shigo da sanda. Ya rame, ya ranƙwafa, takalmin ne kawai bai daina sheƙi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi mata gaisuwar rashi, ta tashi ta wangale ƙofar falo.

"Bismillah, Yaya. Ga kujera."

Ya tsaya a dokin ƙofa ya leƙa, irin leƙen da kowa ke yi. Idonsa ya bi ta kan kafet da hoton da labulen bai tsaya ko'ina ba. Ya ɗan yamutsa hanci.

"Kai, ɗakin nan ya sha rufi. Kuma kujerun nan sun yi ƙasa da yawa, in na nutse a ciki sai an kira mutane sun ɗaga ni. Likita ya hana ni zama kan abu mai laushi." Ya waiwaya baranda. "Yawwa, ga wata can. Jawo min ita, 'yata."

Auta ta dubi uwarta. Sannan ta je ta jawo kujerar robar, mai ɗinkin waya, ta ajiye masa. Ya zauna, ya jingina, ya ɗora hannu inda hannun Direba ya goge, ya sauke ajiyar zuciya.

"Madalla. Wannan ita ce kujera."

Mai Falo tana tsaye riƙe da ƙyauren falo. Muryar da ta fito daga bakinta ba ta yi kama da tata ba.

"Yaya, kai ka ce ranar da muka yi kujera za ka dawo ka zauna."

"Ni? Yaushe?"

"A ɗakinmu na haya. Ya ba ka benci ka ƙi."

Ya shiga lalube a ƙwaƙwalwarsa, da gaske yake laluben, ba ya yi ba ne don ya kauce. Bai samo komai ba.

"Allah sarki. Ke dai tun kina yarinya akwai ki da riƙo. In ma na faɗa, ai wasa ne." Ya gyara zama. "Shi kuwa marigayi ba haka yake ba. Mutumin kirki, ba ruwansa. Kullum in ya gan ni da dariyarsa. Allah Ya jiƙansa."

Ya sha ruwa rabin kofi, ya yi addu'a, ya ba ta shawarar ta sa yara su sayar da tsofaffin kujerun nan, yanzu an daina yayinsu, ɗakin kuma a sa ɗan haya ko ya rage mata wani abu. Ya dogara sandarsa ya tafi. Ko rakiya ba ta iya yi masa ba, Auta ce ta kai shi bakin mota.

Ta shiga falon ita kaɗai, da takalminta, abin da ba a taɓa yi ba. Ta ja labule ta tura tagar farko, wadda ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa, ta ƙetara ta buɗe ta biyun. Sannan ta je ƙarshen babbar kujera, wajen hannun da ya ce yana so ya jingina, ta zauna.

Kujerar ba ta karɓe ta ba. Wani ɗan sauti ta yi kamar an taka busasshen ganye, Mai Falo ta nutse har sai da ƙashin bayanta ya daki katako. Soson ya daɗe da mutuwa a cikin ledar, ya zama gari. Ga shi nan yana zubowa ta ƙasa, rawaya, yana taruwa kan jan kafet daidai inda ƙafafun gaba suka hau. Ta ɗaga kai, hoton tafkin ya yi mata sama, don ba a wannan tsawon mai gidan ya tsaya ba ranar da cinyarsa ke rawa yana nuna bango.

Ta yi ƙoƙarin kama wani abu da zai sanyaya mata rai. Ta ce wa kanta ai ko da ta buɗe masa ranar, katako zai tarar, ba wani daɗi zai ji ba. Tunanin bai kai ko'ina ba, saboda a daidai lokacin iska ta shigo ta tagar gabas, ta ɗaga labulen, ta bi ta kan hannun kujerar, ta shafi wuyanta da fuskarta, ta fita ta ɗayar. Iska mai sanyi, mai yawa, wadda za ta ishi mutum ya cika ƙirjinsa.

Auta ta dawo ta tsaya a dokin ƙofa, inda aka koya mata tsayawa tun tana rarrafe. Ta ga garin soso a kan kafet, ta ga uwarta a nutse cikin kujera, gwiwoyinta sun kusa kai ƙirji.

"Mama, in kawo tsintsiya?"

Mai Falo ta girgiza kai. Hawaye yana zuba, ba ta share ba.

"Ya faɗa min," ta ce. "Ya ce ta nan take bi."